Yadda na samu ɗana ya riƙa barci da dare

Ɗana na biyu yana wata 5 ya fara tashi sau shida, sau bakwai a dare ɗaya. Watan Afrilu ne, zafin Kano ya kai intaha. Kafin asuba idanuna kamar an zuba barkono.

Ki fara duba kayan jikinsa. Ni na ɗauka yunwa ce, ashe zufa ce ke damunsa. Na cire masa hula da safar da kakarsa ta dage a sa masa, na bar shi da 'yar shimi da busasshen nafkin. Ki taɓa ƙeyarsa, in ta jiƙe to kaya sun yi yawa.

Bayan magariba ki yi masa wanka da ruwan ɗumi, ki ba shi nono, ki ɗora shi a kafaɗa har ya yi gyatsa. Kullum a lokaci guda. Sannan ki kwantar da shi a rigingine cikin gidan sauro, ba matashi, tun yana lumshe ido, barcin bai yi nisa ba. Wannan ne ya fi ba ni wuya, don na saba goya shi sai ya yi lis.

In ya farka kada ki kunna fitila, kada ki yi masa wasa. Ki ɗan bubbuga shi tukuna, in bai koma ba ki ba shi nono.

Maganin tari don ya yi barci kuwa, don Allah kada ki ba shi, ko wa ya ce. In jikinsa da zafi ko ya ƙi nono, asibiti za ki kai shi.