Kafin ka koya wa na'ura magana da mutanen Tawa

Ni ɗan Tawa ne, sana'ata haɗa manhajoji. Bara wata ƙungiyar manoman albasa da ke tsakanin Galmi da Madawa ta nemi in haɗa mata na'urar da manomi zai aika wa saƙon murya ta WhatsApp, ya tambayi kuɗin buhu ko ranar tashin motar kaya, ta ba shi amsa. Tun da ChatGPT ya fito a Nuwamban 2022 irin wannan aiki ya ragu da nauyi, don ba sai ka gina ƙwaƙwalwar na'urar da kanka ba, haya za ka yi ka ɗora naka a kai. Inda gizo ke saƙa shi ne bakin mutane. Ga hanyar da nake bi.

Fara da rufe kwamfuta. Ranar Lahadi kasuwar Tawa ke ci, je ka zauna gefen dillali tun da hantsi ka kasa kunne. In za ka naɗi muryar mutum, nemi izininsa, ka gaya masa abin da za a yi da ita. Abin da za ka fara lura da shi, babu wanda ke buɗe baki da tambaya. Sallama ce, sai ina kwana, ina gajiya, yaya iyali, yaya sanyi, sannan a ce "to, dama..." Bayan wannan "dama" ɗin buƙata take. Gwajina na farko jimlar farko yake ɗauka a matsayin tambaya, ya zubar da sauran. Wani dattijo ya saurari amsar, ya miƙo mini wayar ya ce, "Yaro, abin nan naka bai amsa mini gaisuwa ba." Na ce, "Gaskiya ne, Baba, za a gyara." Ka sa na'ura ta jira saƙo ya ƙare, ta amsa gaisuwa a taƙaice, sannan ta shiga magana. Kuma tunda Hausa dole ta zaɓa tsakanin "ka" da "ki", ita kuwa na'ura ba ta ganin fuska, ka sa ta riƙa cewa "ku". Babu wanda zai ji haushin an girmama shi.

Daga nan sai lissafin kuɗi, nan ne na fi shan wahala, nan ne kuma kuskure ke iya cinye gumin manomi na shekara. A Nijar da dala muke ƙirga: dala ɗaya sefa 5 ce. Wanda ya ce "ashirin" sefa 100 yake nufi, "ɗari" sefa 500 ce, dala ɗari biyu ita ce jikka guda, wato sefa 1000. Ita na'ura in ta ji "ɗari" sai ta rubuta 100, alhali mai maganar ninki biyar na hakan yake nufi. Ƙari a kan haka, da yawa daga manomanmu na hulɗa da ƴan kasuwar Illela ta bakin iyakar Kwanni, a can kuwa jaka naira 200 ce a tsohon lissafi. Kada ka bar wa ƙirƙirarriyar basira wannan ta yi hasashe. Rubuta ƙa'idar da hannunka: kowace lamba ta zo, a duba kuɗi ne ko yawan buhu ko tiya, in kuɗi ne a tantance dala ce, jikka ce, ko naira. Amsa kuma ta fito da lissafin da mai tambaya ya zo da shi. Wanda ya yi tambaya da jikka kada a amsa masa da "dubu goma sha biyar".

Hausar da ta fi yawa a rubuce a intanet ta Kano ce, ita ce kuma na'urori suka fi sha, har da Google Translate da ya saka Hausa a 2013. Mu a Adar "biyat" muke cewa, "tahi", "hita", "kuɗɗi", ga kalmomin da muka aro daga Faransanci irin su rezo (layin sadarwar waya) da lakwal (makaranta). Ka buɗe littafi ka tara su yadda ake furta su, da muryoyin maza da mata, tsoho da yaro. In kana da lokaci ka ba da taka muryar a Common Voice na Mozilla, shafin da ake tara muryoyin mutane don koya wa na'urori jin magana, akwai Hausa a ciki, kowace murya daga nan ƙasar ƙari ce.

Duk da haka za ta yi kuskuren ji, musamman in ana iska ko jaki na kuka a bayan mai magana. Maganinsa abin da kowane dillalin kirki ke yi: maimaitawa. "Kun ce buhu goma, ranar Talata, haka ne?" Sai an ce "i" sannan a rubuta. In ba ta gane ba ta ce, "Ku yi haƙuri, ban ji da kyau ba, ku sake faɗa." In ta kasa sau biyu ta haɗa mutum da sakataren ƙungiya, kada ta bar shi yana ta maimaita kansa kamar mai roƙo.

Wannan na gaba ina riƙe da shi da gaske. Waɗannan na'urori ba sa son yin shiru, in ba su da amsa sai su ƙago wadda ta yi kama da gaskiya, cikin murya mai daɗi. Mutane kuma na saurin yarda da abin da ya iya magana. Tun 1966 masanin kwamfuta Joseph Weizenbaum ya ga haka a jami'ar MIT ta Amurka, lokacin da ya haɗa ELIZA, ƴar manhajar da juya wa mutum maganarsa kawai take yi ta zama tambaya, amma sakatariyarsa ta roƙe shi ya fita daga ɗakin don ta yi hira da ita. To ina ga manomin da ya ji ana masa Hausa tsaf? Saboda haka kalmar farko ta zama "Ni na'ura ce ta ƙungiya." Farashi kuwa daga littafin da wakilin ƙungiya ke cikawa kullum zai fito, tare da ranarsa da sunan kasuwar. In ba a rubuta na yau ba, ta ce ba ta da shi, ga na jiya.

Amsa ta zama murya, gajera, kada ta kai rabin minti. Mega, wato datar intanet, tsada gare ta, rezo a ƙauye zuwa yake yana ɗaukewa.

In ka ga kamar ka gama, kai wa wadda ba ta taɓa ganin abin ba. Ni innata nake kai wa. Ina miƙa mata wayar in ce, "Inna, tambayi kuɗin albasa," in harɗe hannuwana, ba na nuna mata inda za ta danna, ba na gyara mata magana. Duk inda ta tsaya ta ɗago kai ta dube ni, sai in rubuta wurin a littafi, in koma in gyara, Lahadi mai zuwa in sake kai mata.