Yadda ake hana yaƙi da nuna ƙarfi

Samari na yawan tambayata a majalisarmu ta Tudun Wada, wai Baba, mene ne amfanin makamin da ba a harba shi? Ni da na sha horo a Daffo nan Zariya, na tsufa cikin kaki, amsata ita ce a gan shi a fasa kawo hari. Amma abin yana da ƙa'ida.

Ka fara da tanadin ƙarfi na gaske, ka kuma bari a gani. Ganuwar Zazzau aikinta ke nan: mahari ya hango ta, ya ƙirga dawakan da zai rasa kafin ya isa Ƙofar Doka, ya ja linzami.

Sannan ka faɗi iyakarka ƙarara, kuma a nan ake yawan faɗuwa, domin sai abokin gaba ya gaskata za ka aikata. A Janairun 2017 Yahya Jammeh ya ƙi sauka bayan Adama Barrow ya kayar da shi a zaɓen Gambiya. ECOWAS ta yi magana, sojojin Senegal suka ja daga a bakin iyaka, Najeriya ta tura jiragen yaƙi. Ranar 21 ga watan mutumin ya hau jirgi. To dubi Nijar a 2023. An ba masu juyin mulki wa'adin kwana bakwai, ya cika ranar 6 ga Agusta, shiru kake ji. Majalisar Dattawanmu ba ta goyi bayan yaƙi ba, mu kanmu 'yan Arewa wa zai so a harbi Maraɗi? Sojojin Yamai sun san haka sarai. Kada ka sa wa'adi sai ka tabbatar mutanen gidanka na bayanka.

Ka kuma bar wa abokin gaba ƙofar fita, don wanda aka ritsa ba ya lissafi. Jammeh an ba shi mafaka a ƙasar waje. A rikicin Kuba na 1962 Tarayyar Sobiyat ta kwashe makamanta masu linzami daga Kuba ne bayan Amurka ta yi alkawarin ba za ta mamaye tsibirin ba, ta kuma yarda a asirce za ta janye nata daga Turkiyya.

Kada kuma ka yanke magana da shi ko ana tsakiyar zare ido. A wancan rikicin saƙo kan ɗauki sa'o'i kafin ya isa, shi ya sa a 1963 suka kafa layin kai tsaye tsakanin Washington da Mosko.