Yadda za a bi da maganar tuƙi idan dattijo ya fara ciwon mantuwa

A gidajenmu idan dattijo ya fara maimaita tambaya ɗaya, ko ya zargi jikoki da ɗauke masa kuɗin da shi ya ɓoye, sai a ce tsufa ne. Sau da yawa ciwo ne na ƙwaƙwalwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sama da mutum miliyan 55 ke fama da ciwon mantuwa, fiye da kashi 60 cikin ɗari a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin tattalin arziki. Inda abin ya fi tsoratarwa shi ne idan makullin mota na aljihunsa. A nan iyali kan kasu biyu: masu kawar da kai don kunya, da masu ƙwace makulli da rana tsaka. Duk biyun ɓarna ce.

Abin farko, a shiga motar tare da shi, ba sau ɗaya ba, kuma ban da gyara masa tuƙi. A zuba ido kawai. Mutumin da ya shekara talatin yana zuwa Babbar Kasuwar Yamai, yau ya iso shataletale ya tsaya cak, ana ta yi masa oda, ya rasa ta ina zai fita. Ko ya haye gadar Kennedy zuwa Harobanda alhali gida ya nufa. Ko ya taka totur a wurin birki. A duba jikin motar ma: sabon karce ko lotsewa da bai san inda aka same su ba. A rubuta kowanne da ranarsa a ɗan littafi, domin a gaban likita dattijo zai ce lafiyarsa lau, kuma ba ƙarya yake nufi ba, ya manta ne.

Daga nan sai asibiti, kuma a nan ne aka fi yin nawa. Ba kowace mantuwa ce marar magani ba. Ƙarancin bitamin B12, raunin aikin ƙullutun maƙoshi, ciwon damuwa, rashin ji sosai, da ƙwayoyin barci irin su diazepam da ake saye hannun masu talla, duk suna kawo ruɗewa, kuma ana iya gyara su. Idan kuwa ruɗewar ta zo farat ɗaya cikin yini ɗaya ko biyu, wannan ta gaggawa ce: tana iya zama shanyewar ɓarin jiki, faɗuwar sukari ko zazzaɓin cizon sauro. A tafi a ranar.

A fara da CSI, wato ƙaramin asibitin unguwa, a auna tansiyo da sukari, a nemi takardar turawa zuwa ga likitan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi a manyan asibitocin Yamai, kamar Babban Asibitin Ƙasa. Wanda yake kwana gida ɗaya da shi ne zai raka shi, ba ɗan da ke zuwa gaisuwa ranar Juma'a ba. A haɗa duk magungunan da yake sha a leda ɗaya, har na gargajiya. Likita zai tambaye shi rana da wata, ya faɗa masa kalmomi uku ya maimaito su bayan ɗan lokaci, wataƙila ya sa shi zana agogo. A gaya masa tun farko idan dattijon bai yi boko ba, kada a lissafa rashin karatu a matsayin ciwo. Za a iya neman gwajin jini da hoton kai.

Idan sakamako ya fito, a tambayi wane iri ne. Cutar Alzheimer, wadda likitan Jamus Alois Alzheimer ya bayyana a 1906, ita ce kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari na ciwon mantuwa. Akwai kuma wadda toshewar jijiyoyin jini ke kawowa, abokiyar tafiyar hawan jini da ciwon sukari. Riƙe waɗannan biyun da kyau na rage saurinta. Magani irin donepezil ba ya warkarwa, sassauta alamu yake na wani lokaci. Sannan a tambayi likita kai tsaye, a gaban dattijon: zai iya ci gaba da tuƙi? Maganar da ba zai karɓa daga bakin ɗansa ba, yakan karɓe ta daga mai farar riga.

Idan ciwon yana farkonsa kuma likita ya yarda, a taƙaita tuƙin. Hanyoyin da ya sani kaɗai, da hantsi, kusa da gida. Ban da bayan la'asar, don masu wannan ciwo sun fi rikicewa idan magariba ta kawo kai, lokacin da motoci da masu moto suka cika titi. Ban da ranar hazo ko ruwan sama, ban da doguwar hanya irin ta Doso ko Tawa. A zafin Afrilu ya sha ruwa kafin ya fita, ƙishirwa na ƙara ruɗewa. Mai tasi ko kabu-kabu kuwa, a ganina ya tsaya nan take, tunda rayukan mutane ya ɗauko. A ba wani amintacce abin hawan ya riƙa kawo masa kuɗin yini a hannunsa.

Ranar dainawa gaba ɗaya tana tafe, gara a yi zancenta tun yana iya sa baki. Kada a tara masa jama'a. Amininsa ko babban ɗansa ya same shi shi kaɗai: “Baba, ka gama jan mu, yanzu mu ne da jan ka. Gobe ni zan kai ka masallaci.” Kuma a cika alkawarin. A raba kwanaki tsakanin ’ya’ya, a san mai kai shi fada, jana'iza da ɗaurin aure, don wanda aka zaunar a gida shi ne ke komawa neman makulli. Idan ya manta an yi maganar ya tada rigima, kada a ja da shi. A kai motar gidan wani ɗan'uwa inda ba zai riƙa ganinta ba.

Ko yana tuƙi ko ya bari, a sa takarda mai sunansa da lambar wayar mutum biyu a aljihun kowace rigarsa. Wanda ke kan tuƙi kuma a mai da shi wurin likita duk wata shida, ko da wuri idan littafin nan ya sami sabon layi.