Yadda za ka haɗa atisayen kai kaɗai da na ƙungiya a ƙwallon ƙafa

Kullum bayan la'asar filayen unguwa cike suke da samari. A raba gida biyu, a buga har magariba, kowa ya karkaɗe ƙurarsa ya tafi yana cewa ya yi tirenin. Wasa dai aka yi. A fili mai mutum 22, idan aka tara duk lokacin da ƙwallo ta yi a ƙafarka cikin minti 90, da ƙyar ya wuce minti biyu ko uku, kuma ba a gyara ƙafa a wannan ɗan lokaci. Yana ba ni takaici in ga yaro mai baiwa ya shekara biyar a fili, ƙafarsa ta hagu tana nan yadda take.

Da farko, nemi bango. Na siminti, ba na ɗakin da ake kwana ba, kuma ka gaida maigidan ka nemi izini. Tsaya nesa da shi kamar taku shida. Buga da cikin ƙafa, ka tare, ka sake bugawa: 50 da dama, 100 da hagu idan ita ce mai rauni. In hakan ya zauna, sai ka daina tarewa, ka riƙa mayar da ita da taɓawa ɗaya. Daga nan ka zana da'ira da gawayi a jikin bangon, faɗin faranti, ka riƙa saitinta kana ƙirga nawa suka shiga cikin 20. Rubuta adadin a littafi, domin ido yakan yi wa mai shi kara, amma lissafi ba ya yi.

Tarewar ita ce uwar aikin. Kada ka tsayar da ƙwallo cak a ƙarƙashinka, ka karkatar da ita gefen da kake son tafiya, kamar akwai mai tsaron baya a wuyanka. Dennis Bergkamp, tsohon ɗan wasan Arsenal, ya sha faɗin cewa a jikin bango ya koyi wannan yana yaro a Amsterdam. Ka kuma tuna ƙwallon farko da Ahmed Musa ya ci Iceland a gasar cin kofin duniya ta 2018 a Rasha. Victor Moses ya kawo ta daga dama, Musa ya miƙa ƙafa ya sauko da ita da taɓawa ɗaya, kafin ta gama tashi daga ƙasa ya ɗirka ta a raga. Irin wannan tarewar sai ƙafar da ta maimaita ta sau dubbai ba mai kallo.

Na biyu, gudu. Zagaya fili a hankali yana ƙara numfashi, amma ƙwallo wasan zabura ne. Auna mita 20 zuwa 30, ka sheƙa da iya ƙarfinka, ka dawo da tafiya, sau shida ko takwas, sau biyu a mako. Bayan sallar asuba ya fi, musamman daga Maris zuwa Mayu da rana ke ƙuna. Da azumi ka rage, ka bari sai gab da shan ruwa ko bayan asham.

Na uku, ƙungiya. Akwai abin da bango ba zai taɓa koya maka ba, tunda shi ba ya motsi kuma ba ya ƙwace ƙwallo. Ku fara da ɗumama jiki na minti 15 zuwa 20. Tsarin FIFA 11+, wanda aka fitar a 2006 don rage rauni, ba ya buƙatar kaya, kowane koci zai iya koyonsa a intanet. Sai ku yi da'ira, mutum biyar a gefe, biyu a tsakiya suna neman ƙwacewa, wanda ya zubar ya shiga ciki. Wannan ne Barcelona ta yi suna da shi, suna ce masa rondo. A nan za ka koyi waiwayawa kafin ƙwallo ta iso, ka san inda za ka kai ta tun tana hanya.

Bayan haka ku buga huɗu da huɗu a ɗan ƙaramin wuri, da sharaɗin kada kowa ya wuce taɓawa biyu. Mai son yanka zai ji haushi a makon farko, ku ƙyale shi, zai saba. Ku buɗe baki: "Bayanka!", "Juya!", "Bar ta!" Ƙungiyar da ke atisaye shiru, ranar wasa ma shiru za ta yi, mutum biyu su tashi wa ƙwallo ɗaya su yi karo. 'Yan baya huɗu su maimaita fita tare don kama satar gida, a kuma tsayar da wa zai riƙe wa idan an samu bugun kusurwa.

Na huɗu, haɗa biyun, wato atisayen kai kaɗai da na ƙungiya. In an tashi, je wurin koci ka ce, "Koci, wane abu ɗaya zan gyara?" Ɗaya tak. Idan ya ce fasinka na hagu ba ya isa, aikin bangonka na wannan makon ke nan. Ka ware kwana ɗaya na hutu, ka yi barci sosai. In kuwa ka ji jijiyar bayan cinya ta ja ka ana cikin gudu, tsaya nan take, ka sa ƙanƙara a tsumma ka ɗora, kada ka bari abokai su ce daure ka ƙarasa.