Yadda Ake Haɗa Garin Tsiro Domin Tsinka Kunu da Ƙara Masa Zaƙi

Duk macen da ta taɓa mayar da cokalin da aka lasa cikin koko ta san yadda yake tsinkewa nan da nan. Abin da ya tsinka shi wani sinadari ne da ke cikin yawu mai suna amilas, wanda aikinsa daddatsa sitaci zuwa sukari. Irinsa ne ƙwayar hatsi take samarwa idan ta fara tsira, kuma da shi masu kunun zaƙi a Argungu da Yawuri suke aiki idan sun zuba tsiron shinkafa a gasara.

Idan ƙwaya ta sha ruwa, idonta yakan saki wani sinadarin girma da ake kira jibarelin, shi kuma ya ratsa zuwa siririn ɓawon da ke ƙarƙashin dusa, ya sa shi kwararo da amilas cikin farin garin ƙwayar domin jaririn tsiro ya sami abinci. Daga shinkafa aka fara gano jibarelin, a 1926, lokacin da masani ɗan Japan Eiichi Kurosawa yake binciken wata cutar funfuna mai sa shuka ta yi tsawo fiye da kima ta faɗi. A 1960 aka tabbatar da alaƙarsa da amilas a ƙwayar sha'ir. A dawa kuwa, mafi yawan amilas daga jikin idon kansa yake fitowa. Ko ta wace hanya, sai ƙwaya tana da rai aikin yake yiwuwa.

Saboda haka a fara da zaɓen hatsi. Gero ko dawa na bana sun fi, shinkafa kuma dole ta kasance shanshera, domin wadda aka turara ba za ta tsira ba har abada, wadda aka cashe ma da wuya ta tsira. Kada a kusanci irin shuka da aka barbaɗa wa magani. A bakace, a rege, a wanke, a kwashe duk ƙwayar da ta taso saman ruwa.

A jiƙa gero kamar awa 12, dawa da shinkafa kuwa kwana ɗaya, ana sauya ruwan aƙalla sau biyu, saboda ƙwaya tana numfashi, kuma ruwan da ya yi tsami yana shaƙe ta. Bayan an tsane, sai a baza a kan jiƙaƙƙen buhun algarara a inuwa, kaurin bai wuce gaɓar yatsa biyu ba, a rufe da wani buhun. Safe da yamma a yayyafa ruwa, a juya a hankali. Da bazara, lokacin da zafin Kebbi ke haura digiri 40, buhu yana saurin bushewa, sai an ƙara yayyafi da rana. Da hunturu kuma tsiron yakan yi nawa.

Kwana uku yakan isa ga gero da dawa, shinkafa takan ɗauki huɗu zuwa biyar. A ganina nan ne aka fi kuskure, domin wasu suna barin tsiro ya yi tsawo da zaton ƙarfinsa ke ƙaruwa, alhali shukar tana cinye sukarin ne, funfuna kuma tana samun wurin zama. Duk wanda ya yi baƙi-baƙi ko kore, ko yake warin ruɓa, a zubar da shi, kada ma a ba kaji.

A shanya a rana a kan tabarma mai tsabta har ƙwayar ta riƙa ƙaras a haƙori. Kada a soya, domin wuta tana kashe amilas. Daga nan a murje da tafin hannu, a sheƙe saiwoyi da tohon gaba ɗaya. Wannan wajibi ne musamman ga dawa, saboda tohonta yana ɗauke da sinadarin da ke rikiɗa ya zama gubar sayanayid, wadda makiyaya suka sani da kashe dabbar da ta ci ɗanyar dawa ƙarama. Sai a niƙa, a tankaɗe, a adana a mazubi mai murfi.

Wajen amfani, a dama kunu da kauri sosai, a sauke, a bar shi ya ɗan huce zuwa kamar digiri 60 zuwa 70, wato bayan tururin ya lafa amma bai shawu ba tukuna. A zuba ƙaramin cokali ɗaya na garin a kowane kofi, a gauraya, a rufe. Cikin minti goma zai sassauta, zaƙi ya fito. Idan an zuba yana tafasa, an yi asarar garin.

Ga yaron da ya cika wata shida, wannan ya fi ƙara ruwa nesa ba kusa ba, domin cikinsa ƙarami ne, kuma kunun da aka tsinka da tsiro yana riƙe da duk garin da aka dama shi da shi. Amma tunda garin tsiron ɗanye ne, bayan kunun ya tsinke a mayar da shi wuta ya tafasa sau ɗaya, ya huce, sannan a ba yaron.