Kurakuran da aka fi yi wajen rabon ruwan kogin Haɗeja

Babban kuskuren shi ne ɗaukar kogi tamkar mallakin wanda ya fara ratsa ƙasarsa. Da aka gina madatsar Tiga a 1974, aka ƙara ta Challawa a 1992, hankali ya tafi ne kan noman rani a Kadawa da ruwan shan birnin Kano. Manomin shinkafa a fadamun Haɗeja da Nguru, da masunci, da makiyayin da ke jiran ruwa ya janye ya sami ɗanyar ciyawa, ba a sa su a lissafi yadda ya kamata ba. Gyaran shi ne a zauna da mutanen ƙasan kogi a tsara lokacin sakin ruwa, a kuma sanar da su kafin a buɗe ƙofofi.

Sai maganar kacala, doguwar ciyawar nan da ke tsirowa a cikin ruwa. Da can kogin yakan cika da damina ya ƙafe da rani. Yanzu da ruwa ke gudu kusan duk shekara, ciyawar ta samu wurin zama, ta toshe hanyoyi. Ruwa ya karkata ya kwanta a gonakin wajen Nguru, wanda ya kamata ya gangara Gashuwa ya ragu, ga kuma tsuntsayen jan-baki da ke kwana cikin ciyawar suna wa hatsi ɓarna. A nan kuskuren shi ne a turo injin ya share sau ɗaya, a ɗauki hoto, a watse. Kacala ba ta jin wannan. A yanke ta ƙasa da saman ruwa don kututturen ya nutse, kuma garuruwan da ke kan hanya ɗaya su riƙa aikin gayya a tare kowace shekara. In gari ɗaya ya share na gaba bai share ba, an yi aikin banza.

A 2006 jihohin Kano, Jigawa, Bauchi, Yobe, Borno da Filato sun kafa asusun haɗin gwiwa don wannan kogi da sauran kogunan da ke haɗe da shi. Tunani ne mai kyau, amma taron manya ba ya maye gurbin kwamitin gari. Kwamitin ma, in babu mata da Fulani da sarkin ruwa a ciki, rabi ne.

Haka abin yake a rijiyar burtsatse: a haƙa, a yi bikin buɗewa, ba a ce ga mai gyara ba. Ranar da roba ɗaya ta cinye, sai a koma tafki. Tun kafin a fara haƙa, a tsayar da abin da kowane gida zai riƙa bayarwa da wanda zai riƙe kuɗin.