Yadda zaka daidaita kafiretoci a tsohon babur in kai sabon hannu ne

Abun da nake so ka fara riƙewa ɗan'uwa shi ne, daidaita kafireta aikin ƙarshe ne, ba shi ake fara taɓawa ba. Mutane da yawa da sun ji mashin yana rawa a sulo ko yana mutuwa in an saki totur sai su ɗauko sukundireba su hau murɗa sukurori, daga nan kuma sun ɓata saitin da yake lafiyarshi lau, matsalar asali tana nan.

Wannan aikin na mashin mai kafireta biyu ne zuwa sama, irin su Honda CB750 da ya fito a 1969 da silinda huɗu da kafireta huɗu, ko Yamaha XS650 mai biyu. In naka kafireta ɗaya ce to babu abun daidaitawa. Manufar dai kowace silinda ta zuƙi iska da mai daidai da 'yar'uwarta. In kafireta ɗaya ta fi buɗewa, silindarta ce ke jan sauran, shi yasa zaka ji injin yana karkarwa, ƙarar salansa ba ta tafiya tare, wani lokacin har ka ji kamar wani ƙarfe na kaɗawa wajen kuloch alhali lafiyar kuloch ɗin ƙalau.

Kafin komai ka saita bawul, kuma da injin sanyi ake yi. Ka duba filogi, ka duba tayim ɗin wuta, ka wanke ko ka canja matatar iska, kafiretocin su kasance wankakku musamman ɗan jet ɗin sulo mai saurin toshewa. Sai robobin nan da suka haɗa kafireta da kan injin, dan Allah ka dube su da kyau, a tsohon mashin sun bushe sun tsattsage. Ni na taɓa kwashe yini guda ina fama da silinda ɗaya da taƙi zama, ashe tsaga ce a ƙasan robar inda ido baya gani, sai da na sa yatsa na lanƙwasa ta sannan ta buɗe baki. Iskar da ke shiga ta nan babu sukurun da zai gyara ta.

Kayan aiki kuwa, geji ne mai auna ƙarfin zuƙar iska, akwai mai agogo huɗu a jere da allura, akwai mai bututu. In kafireta biyu ce zaka iya haɗa naka da kanka. Ka samu doguwar tiyo siririya mai garai-garai kamar mita 3 zuwa 4, ka lanƙwasa ta biyu ka ɗaure a jikin katako tsakiyarta na ƙasa, ka zuba man injin tu-sitirok ya hau kowane ɓangare daidai. Dalilin zaɓen wannan man, ko injin ya zuƙe shi ƙonewa zaiyi. In mai agogo ne kake amfani dashi, ka fara jona kowane agogo a silinda guda ɗaya ka gani ko duk lamba ɗaya suke bayarwa, don wani agogon ƙarya yake tun daga kwali.

Sai ka tada mashin yayi zafi sosai, ka mayar da cok, ka kashe. Yawanci sai an cire tanki kafin hannu ya kai ga sukurorin, don haka ka rataye ƙaramin tanki a sama ka jona tiyon mai, ka ɗaure shi gam kar fetur ya ɗiga kan injin mai zafi. In famfon man mashin ɗinka mai aiki da zuƙar iska ne, ka toshe tiyon da ka cire, in ba haka ba wannan silindar zata riƙa shan iska a banza. Ka kafa fanka tana hura injin tunda iska ce ke sanyaya shi kuma a tsaye yake. Kuma a fili ko ƙofa a buɗe wangale, hayaƙin salansa a rufaffen ɗaki kisa yake, ba wasa a wannan.

A wuyan da ke tsakanin kafireta da injin zaka ga ɗan sukuru ko ɗan nono mai hular roba, nan ake jona geji. Ka tada. Allurar zata riƙa tsalle, ka matse ɗan famfon da ke jikin tiyon kaɗan kaɗan har ta koma tana ɗan motsi, kar ka matse har ta tsaya cak domin ta daina karanta komai kenan.

To ga inda ake buƙatar haƙuri. Ɓangaren da man ya fi hawa sama, ko allurar ta fi nuna zuƙa, wannan kafiretar ce ta fi rufewa. A mashin mai huɗu da yawa sukurorin daidaitawa uku ne, ɗaya tsakanin ta 1 da ta 2, ɗaya tsakanin ta 3 da ta 4, na tsakiya kuma shi ke haɗa biyun hagu da biyun dama, shi ake yi a ƙarshe. Wasu kuma akwai kafireta ɗaya da ba'a taɓawa, ita sauran ke bi, littafin mashin ɗinka zai gaya maka wacce ce da iya bambancin da aka yarda dashi. Kar ka rikita sukurun daidaitawa da na iska da mai wanda ke gefen kafireta, wannan aikinshi daban.

Murɗin ɗan ƙanƙani ne, ko kwatan zagaye yayi yawa, rabin kwata ma zaka ga geji ya amsa. Ka murɗa, ka ɗage sukundireba gaba ɗaya domin nauyin hannunka kaɗai yana canja karatun, ka ɗan ja totur ka saki, ka jira sulo ya zauna sannan ka kalla. Haka zakai ta yi. Zaka ga ka gyara wannan wancan ya motsa, ba laifinka bane, duk a haɗe suke. Sulo ma zai hau ko ya sauka, ka dawo dashi inda littafi yace da babban sukurun sulo, mafi yawan irin waɗannan mashinan tsakanin juyin inji 1,000 ne da 1,200 a minti ɗaya. In gejin tiyo kake amfani dashi hannunka ya zauna kusa da makunni, da ka ga man ya taho da gudu zai shige injin ka kashe, ka murɗa, ka sake tadawa.

In akwai notin kulle, ka riƙe sukurun da sukundireba yayin da kake ɗaure notin, sannan ka sake duba geji don ɗaurin kanshi yana ture saiti. Wani abu kuma, kan sukurorin tsofaffin mashinan Japan ba irin na Phillips bane ko da yake sunyi kama, JIS ake ce musu, sukundireba ta gama-gari tana cinye musu kai, in ka samu ta JIS ka saya.

In injin ya ɗau zafi da yawa ka kashe ka bari ya huce, aikin baya gudu. Da allurorin sun jeru ka cire geji, ka mayar da sukurorin da wosha ɗinsu ko hulunan roba, ka ƙirga su ɗaya bayan ɗaya kar ka bar rami a buɗe. Ka mayar da tanki, ka duba ko mai na yoyo, ka juya kan mashin dama da hagu yana sulo, in ƙarar ta hau to wayar totur ta matse a wani wuri, ka gyara mata hanya kafin ka hau titi.